Sunan da ke Saman Allo

Ni na gina manhajar ofishinmu a Dutse, kuma a lokacin ina ji da kaina. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Kana shiga sunanka zai fito a saman allo, duk abin da ka taɓa kuma manhajar ta rubuta cewa kai ne. Na yi ta bayani a taro har bakina ya bushe: in za ka tashi, ka fita tukuna.

Daraktanmu bai taɓa shiga da sunansa ba. Wai shi ya wuce a tambaye shi ko shi wane ne, balle kwamfuta. Takardar da na rubuta masa kalmar sirrinsa, da ita ya goge gindin kofin shayi. Mutum ne da babbar rigarsa ta fi aikinsa nauyi. In yana son abu sai ya tsaya a kan akawunmu, wata baiwar Allah da ke zuwa kullum daga Kiyawa, ta tashi ta ba shi kujera.

Na ce mata, "Malama, ki riƙa fita kafin ki tashi."

Ta kalle ni kamar na zage ta. "Yallaɓai na tsaye in rufe kwamfuta a gabansa? Ai na kira shi ɓarawo ke nan. Ba haka aka raine ni ba."

Wata Laraba ta tafi sallar azahar ta bar shi a kujerarta. Bayan sati biyu aka gano an cire wani ma'aikaci daga jerin masu ƙarin girma, an sa wani. Aka kafa kwamiti, mutum uku da kowa ya san gidan da suke zuwa gaisuwar Juma'a. Duk wanda aka samu, kora ce.

Aka kira ni. Darakta na gefe yana jan carbi. Ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce manhajar nan ba ta ƙarya ba? Karanta mana wanda ya shiga."

Ashe ya saurari bayanina. Ya ma fi kowa ganewa.

Da idona na gan shi a kujerar nan ranar. Amma na dubi allo, na karanta sunanta. Ba wanda ya tambaye ni abin da na gani, ni ma ban faɗa ba.

Ta naɗe dardumarta, ta ɗauki kwanon abincinta, ta durƙusa ta yi masa sallama.

Har gobe na raina mutumin nan. Sai dai kullum da safe in na shiga, sunana ya fito a saman allo, ba na iya kallonsa.