Gizagon Baba

Warin tsatsa a ruwan tsamiya, har yau in na ji shi sai in ga kaina a bayan ɗakin Inna a Matameye, tsugune gaban wata tsohuwar kwatarniya.

Hutun damina ne, na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko a Damagaram. Ƙawayena na ƙuruciya sun daina sakewa da ni, wai na zama ƴar boko. Sai in yini ba wanda ya yi sallama domina. A ƙarƙashin gadon kara na ci karo da wani buhu, kayan aikin Baba ne a ciki. Masassaƙi ne, ya rasu ina goye, ko kamanninsa ban sani ba. Akwai gatari da gizago da magagari, da wasu ƙarafa da ban san sunansu ba. Gara ta cinye ƙotocinsu, ta gizagon kaɗai ta tsira.

"Kin tuna mini," in ji Inna. "Na yi wa maƙeri alkawarinsu, zai ƙera mana lauje kafin kaka."

"Inna, ki bar mini su."

"Ki yi me da su? Ko sassaƙa ake koya muku a can?"

"Kallonsu kawai zan yi."

"To, kalle su kafin ya zo."

Sai na riƙa jiƙa su a ruwan tsamiya su kwana, da safe in goge da yashi da toka, in shafe su da man gyaɗa. Jan yana fita a hankali, baƙin ƙarfe yana bayyana kamar sama bayan hadari ya wuce. Na samo reshen aduwa, na gasa tsinin gatarin a murhu har ya yi ja, na nutsa shi cikin itacen, hayaƙi yana cika mini ido. A lokutan nan kaɗai nake jin ba ni kaɗai ba ce a gidan.

Gizagon ne ya ƙi ni. Ƙotarsa a karkace take, duk saran da na kai sai ya goce. Ni bahaguwa aka haife ni, amma an hana ni tun ina ƙarama: a gida Inna tana ɗaure mini hannun da tsumma lokacin cin abinci, a lakwal kuma Madam, malamarmu, tana bin sa da sanda. Wata rana da azahar, na duba ba kowa, na mayar da gizagon hannun hagu. Babban yatsana ya faɗa cikin wani ɗan gurbi mai santsi. Itace ya soma ɓarewa, sara yana bin sara.

Da na ɗago, Inna tana tsaye da ƙwarya a hannu. Na jira faɗa. Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Ranar kasuwa maƙerin ya zo. Ya juya gatarin a rana yana dariya.

"Ƴar lakwal, kin rage mini aiki. In ba su ba ki aikin biro ba, ki zo ki riƙe mini zugazugi."

Ya zuba su ɗaya bayan ɗaya a buhu. Da ya kai kan gizagon ya gwada shi a iska, ya taɓe baki.

"Wannan ƙotar sai murhu."



"Bar wannan," in ji Inna.

"Ai da shi muka yi magana."

"Na fasa. Bar mata."

Gizagon ya bi ni duk inda na zauna, Inna kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta rasu. Sai da furfura ta fara fito mini, na je gaida gwaggona a Kurni, ta ga na janyo tabarma da hagu. Ta ce haka yayanta, wato Baba, yake, bahago ne. A gaban mutane da dama yake komai, amma in zai yi sassaƙa sai ya koma bayan ɗaki, kuma shi ya sassaƙa wa hannunsa waccan ƙotar.