Harsasai Goma Sha Biyu na Sarkin Baka

Ina garin Xintang na ƙasar Sin da hantsi ina duba ɗinkin wandunan jins, sai Alhaji Mamman Maraɗi, maƙwabcin shagonmu, ya kira ni. Ya ce Malam Sale ya yanke jiki ya faɗi a matakalar ginin Tianxiu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati, na sake yi. Matar da ke da masana'antar tana tsaye da wando a hannu tana kiran "lawban, lawban", wato maigida, ni kuwa na rasa ta wace ƙofa na shigo.

Shekara tara muna shago ɗaya da marigayi. Sarkin Baka muke ce masa, domin kafin ya shiga fatauci shi ke yi wa Turawa masu farautar manyan namun daji jagora a dazukan Kamaru. Ya fi shekara ashirin rabonsa da bindiga, ga shi a ƙasar da ko kwanson harsashi aka gani a aljihunka ka shiga uku, amma bakinsa bai taɓa yin ritaya ba. Yakan ce harsashin ɓauna daban, na gwanki daban. Na nesa kuwa, in ya yi tafiya sai ya soma sunkuyar da kai, iska kuma ta tura shi gefe. Ba zan ɓoye ba, labaran nan sun ishe ni. Sau da yawa yana magana ina latsa waya, yau ga shi ina neman rabinsu na rasa.

Bai taɓa aika wa mai kaya abin da bai taɓa da hannunsa ba. Zai tafi kasuwar Shahe da ƙafarsa ya murza yadi. In Basine ya ce masa "meyo", wato babu, sai ya yi godiya ya ƙara gaba, ba ya karɓar makamancinsa. In na yi ƙorafin ɓata lokaci sai ya ce, "Isa, kada ka harbi abin da ƙafarka ba za ta iske da rai ba." Maganar tana da tushe. Wani Bature ya taɓa zuga shi ya harbi gwanki daga nesa ƙwarai. Harsashin ya same shi a cinya, suka bi jini kwana biyu, suka tarar da shi mushe. Daga ranar ya ajiye bindiga.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya ce mini, "Ina da harsasai goma sha biyu a gida." Baturen nan ne ya bar masa su kyauta, dogaye, kowanne ya fi ɗan yatsa. Ya zuba su a gwangwani ya binne ƙarƙashin turken awaki kafin ya taho. Yanzu 'yan bindiga sun addabi yankinsu, shi kuma takardunsa sun daɗe da mutuwa, in ya fita ba dawowa. Kalmar harsashi ma ba ta faɗuwa a waya. "Ko Hajiya ba ta sani ba," in ji shi. "Kullum na ji an harbi wani a can sai gabana ya faɗi, ko an tono su. In na riga ka, ka san yadda za ka yi." Ni da wautata dariya na yi, na ce Sarkin Baka ba ka rabo da almara.

Bayan mun yi masa sutura, mako guda na yi ban san inda zan sa kaina ba. In faɗa wa babban ɗansa, yaro ne mai zafin kai da abokai barkatai. In sanar da hukuma, sai a je a tasa mace mai takaba a gaba. In yi shiru, ga ɗan ya ce zai rushe turken ya gina ɗaki, kuma ban san hannun da gwangwanin zai faɗa ba. Har tambayar kaina na yi ko akwai harsasan ma. Na ji haushinsa da ya ɗora mini, na kuma ji kunyar jin haushin mamaci.

A ƙarshe na kira matarsa, Hajiya Rabi. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, marigayi ya ce akwai wata ajiya ƙarƙashin turken awaki."

Sai ta ce, "Gwangwanin? Ai Malam Isa, ina kallonsa ranar da ya binne. Shekarar da ya tafi na tone na jefa a tsohuwar shadda, an ma rufe ta da siminti. Na kasa faɗa masa ne, don na ɗauka ba abin da yake so a duniya kamar su." Sannan ta tambaya, "Yana cigiyarsu ne?"

Shi ya yi shekaru gabansa na faɗuwa a kan abin da babu shi, ita ta yi shekarun nan tana tsoron ranar da zai tambaya, kowa yana kare ɗan'uwansa da shiru. Na ce mata, "Da ya sani, Hajiya, da ya yi miki godiya." Sai ta fashe da kuka, har yau ban sani ba ko sauƙi na ba ta ko ƙarin ciwo.

Allah Ya jiƙan Malam Sale, Ya yafe masa gwankin nan da sauran kurakuransa, Ya ba shi a kabari natsuwar da ya rasa a nan. Allah Ya saka wa Hajiya Rabi da alheri, Ya ba ta haƙuri, Ya shiryi 'ya'yansa, Ya kawo zaman lafiya garinsu. Mu kuma in tamu ta zo, a gida ko a nan, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.