Dattijon da Ke Tsallake Ramin da Babu

"Baba, wallahi babu rami a nan," in ji Hanif mai rumfar cajin waya, yana nuna wa wani dattijo wasan talabijin da yake bugawa.

"Akwai shi, ɗana. Babban injin da munka buga a Sakkwato, da an sauka gadar ga sai rami. Da sunka maido wasan cikin ɗan akwatin ga, sai sunka cike shi."

Mujaheed, da ke jiran wayarsa a kasuwar Goronyo, ya kasa ɗauke ido daga dattijon. Gemu fari fat, riga a naɗe a kafaɗa, tafin hannu duk kantar fartanya, amma yatsun na rawa a kan madannai. Duk sa'ad da ɗan mutumin cikin talabijin ya yi tsalle, shi ma sai ya ɗaga gwiwa. Ko karatu ya taɓa kai shi birni, gona ta kira shi gida? Abin da Mujaheed ya ji kawai, tun dattijon yana saurayi bai taɓa wuce wurin nan a wasan ba, yau kuwa yana son ganin abin da ke gaba.

Ga gada, ga ƙasa a shimfiɗe sumul. Dattijo ya danna tsalle, ɗan mutumin ya dira kan ƙaya. Wasa ya ƙare.

"Haba Baba, mi ya sa? Tafiya kawai za ka yi!" in ji Hanif.

"Ido ya gani, yatsa bai yarda ba."

Ya ajiye madannin, ya gyara hula, ya nufi wajen masu albasa.