Ƙirjin Aro

Shekara goma sha huɗu yana gadin ƙofar kamfanin fasa dutse, kuma duk ma'aikatan wurin shi kaɗai ne ba ya tari. Ba wata baiwa ba ce. Rumfarsa a bakin titi take, injin niƙa kuwa yana can ƙarshen fili, ƙura ba ta cika isowa wajensa ba. Idan aka tashi daga aiki, sai ka ga mutane suna fitowa fari fat har gashin ido, suna kaki a gindin katanga, shi yana zaune da rigarsa tsaf yana ɗaga musu ƙarfen ƙofa. Shi ya sa suke ce masa Garau.

Sau ɗaya a shekara kamfani yakan kawo motar ɗaukar hoton ƙirji. A takarda, wai don lafiyar ma'aikata. A zahiri kuwa, duk wanda aka ga tabo a huhunsa, kafin wata ya mutu an sallame shi, a ce rage ma'aikata ake yi. To, mai 'ya'ya shida wace lafiya zai shiga nema a motar nan? Mai ɗaukar hoton ba ya kallon fuska. Lamba yake kira, ya ce a ja numfashi a riƙe. Sai dabara ta zo da kanta: Garau ya shiga da katin wani, ya fito, ya zaga bayan mota ya sauya riga, ya koma da katin wani. Wata shekarar sau tara ya tuɓe. Bai taɓa karɓar komai ba, sai godiya da tsiya.

"Garau, ƙirjin nan naka ya fi tsanin unguwa zuwa aro," in ji direban tifa.

Yana da ƙane, autan gidansu, wanda shi da kansa ya yi ta zarya ofis har aka ɗauke shi aiki, aka sa shi a bakin inji. Da Auta ya fara tari, Garau bai jira an roƙe shi ba.

"Kana da mata da goyo. Ba ni katin."

Shekara bakwai yana shigar masa, yana ganin iyakar zumunci ke nan.

Bana Auta ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Aka kwantar da shi a babban asibiti, hawa na uku. Likitar, wata mai yawan tambaya, sai da ta ji inda yake aiki da irin ɗakin da yake kwana, sannan ta ce a kawo tsofaffin hotunansa. Garau ya je kamfani ya karɓo. Likitar ta jera su a jikin fitilar duba hoto.

"Malam, wannan na bara ne?"

"Na bara ne."

"Ban gane ba. Huhu ba ya cinyewa haka a shekara guda. Da an ga alama tun shekara huɗu baya an raba shi da ƙura, da yanzu yana yawonsa. Kuma da hotunan nan a hannunsu, kamfani cewa za su yi ba a wurinsu ya kwaso ba."

Garau ya tsaya yana kallon haƙarƙarinsa sau bakwai, kowanne da sunan ƙanensa a ƙasa. Ya jira zuciyarsa ta tsinke, ko ƙafarsa ta yi sanyi. Shiru. Abin da ya lura da shi kawai, fitilar tana ɗan ƙyaftawa a gefe ɗaya. Ya san in ya buɗe baki za a sake jera ma'aikata a gaban motar hoto, kowa da katin shaida, kuma ya san su waye ba za su kai ƙarshen wata ba. Ya tattara hotunan ya yi godiya.

Auta yana jingine da filo biyu, roba a hanci, matarsa tana zaune a ƙarshen gado.

"Yaya, me ta ce?"

"Ta ce bara lafiyarka ƙalau."

Auta ya soma dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya samu kansa sai ya riƙo hannun rigar wansa.

"Kada ka soma faɗa wa likitar. Mutum ashirin ne a bayanka."

Matarsa ta juya tana ninke zanin da yake a ninke.

Nas ta leƙo ta ce tukunyar iskar da Auta yake shaƙa ta kusa ƙarewa, mai ɗaukowa bai zo aiki ba, sabuwar tana can ƙasa kusa da ƙofar shiga. Garau ya sauka, ya saɓa ta a kafaɗa, ya hau bene uku bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ya dire ta a gefen gadon. Auta yana kallonsa, yana jan iska da ƙyar, shi kuwa ko haki bai yi ba.