Baƙon da Ya Zo Yi wa Kifin Alhaji Magani

Ko da zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan manta ranar da wani baƙo ya shigo ofishinmu da kwalbar magani a hannu ba.

Lokacin ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani ofishin kago, masu aika kayan 'yan kasuwa gida, a Port Saeed. Maigidana, wani Alhaji ɗan Kano, yana da ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da murjani mai rai, da kifayen teku masu launi. Ji yake da su kamar 'ya'yansa. Da zai tafi gida ya ce, "'Yar Jos, ga amana. Yadda na bar su, haka nake so in tarar da su."

Bai daɗe da tafiya ba sai na ga wani farin abu kamar auduga ya fito a gefen wani rawayan kifi da ya fi so. Washegari wani ma ya kamu. Ga shi kuma bizata a hannun Alhaji take. Na dai yi ta ƙorafi a gaban 'yan kasuwar da ke shigowa, amma ban kai ga kiran shagon da ke kula mana da kifin ba.

Sai ga mutumin nan da rana tsaka, tsaf-tsaf, Hausa a bakinsa.

"'Yar'uwa, daga shago aka turo ni. Funfuna ce ta kama su. Zan zuba magani a ruwan, biyun nan kuma in tafi da su jinya."

"Wa ya gaya muku ba su da lafiya?"

Ya yi dariya. "Haba, yalla, kada ki ɓata lokaci. So kike su mutu a hannunki?"

Nan ya taɓa inda nake tsoro, har na kusa ba shi hanya. Amma idonsa ba kan marasa lafiyar yake ba, masu tsadar yake ta bi da kallo. Kuma ai ban kira kowa ba. Na tsaya tsakaninsa da gilashin.

"Malam, zauna in kira shagon tukuna."

Ina ɗaga waya ya ce zai ɗauko raga a mota. Har yau bai dawo ba.

Da yamma ma'aikacin shagon na ainihi ya iso. Ya ce ba su san mutumin ba. Ya juya kwalbar da aka bari, ya girgiza kai: akwai tagulla a ciki, da an zuba da murjanin duk ya mutu. Ya ce kifayen faɗa suka yi, funfunar ta samu rauni ta shiga. Ya haɗa wani ƙaramin akwati a kusurwar ofis, a gaban idona, ya ware su a ciki, can aka riƙa ba su magani ana canza ruwa. Rawayan ya warke. Ɗayan bai yi rai ba.

Alhaji ya dawo, ya ji labari, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah Ya tsare gaba."

Ban taɓa sanin wanda ya kai wa mutumin labari ba. Na daɗe ina kallon kowane ɗan kasuwa da ya shigo, ina cewa ko shi ne. An ce zato zunubi ne, na yarda. Amma tun ranar na koyi cewa idan amana tana hannunka, duk wanda ya zo da taimakon da ba ka nema ba, yana kuma hanzarta ka, to ka fara tambayarsa wa ya aiko shi.