Ranar Da Na Faɗi Sunan Ɗan Farina

Ku gyara zama, ku kasa kunne. Wannan ba ta gizo ba ce, da ƙafata na taka ta.

Azare

Shekarar da ruwa ya ci gidaje a Katagum, saƙo ya iske ni cewa amai da gudawa sun kwantar da ɗan farina. Ina sallame asuba na nufi tasha. Kafin mota ta tashi, ma'aikatan lafiya suka haska mana wata 'yar bindigar auna zafin jiki a goshi. Ɗaya ya tambaye ni ko ina gudawa. Na ce ya je ya tambayi kakarsa. Ya rubuta ni a littafi.

Sakwa

Da hantsi muka iso. Ruwa ya yanke hanya, sai kwalekwale. Aka wanke mana hannu da ruwa mai warin asibiti, aka rubuta ni. A ƙetare aka sake. Mai kwalekwale ya ce in yi hattara, wanda aka rubuta sau uku ya zama annoba. Ni kuwa ƙosaina nake ci.

Katagum

Bayan azahar acaɓa ya sauke ni a makarantar da aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora. Na tarar da ɗan nawa kwance, idanu sun faɗa, baki ya ƙi buɗuwa. Matarsa Ladi ta ce tun jiya Malama Asabe, mai zagayen rubuta marasa lafiya, ta zo, kuma motar asibiti ba ta ɗaukar wanda ba shi a littafi. Da aka tambayi sunansa, Ladi ta ce maigida. 'Yar mutunci ce, ba ta faɗin sunan miji. Aka wuce.

Aka kira Malama, ta juyo kaina. Na ce a rubuta "wancan". Ta ce littafi bai san wancan ba. Maƙwabta suka ce su Mai Albasa suka sani, ga Mai Albasa uku a littafin. Katin shaidarsa kuma ruwa ya tafi da shi.

Malama ta ce, "Hajiya, direba ya kunna mota. Kunya ko ɗanki?"

Shekara hamsin sunan nan bai taɓa hawa harshena ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "Haruna."

Sai ga wanda ake cewa ya suma ya buɗe ido, yana neman wadda ta kira shi.

Gida

Kwana biyar na yi ina jinyarsa, na dawo Azare da la'asar, an rubuta ni sau biyu a hanya. Alhamdulillahi. Malama Asabe tana can tana zagaye. Ladi har yau maigida take cewa. Wancan kuwa ya warke, ya koma albasarsa. Duk sanda ya zo gaisuwa sai ya ce in maimaita. Nakan ce masa sai wata annobar, Allah kada ya kawo ta.