Ladabin gidanmu ne ya ja mini

"Ya Usman, me ya sa kullum in ina maka magana sai ka riƙa kallon ƙasa?"

Mudir, wato manajanmu, shi ne ya jefo mini wannan tambayar yau a ofishinsa, a masana'antar man gyaɗa inda nake aiki a garin Hasahisa. Na shiga ne in ji dalilin da ya sa aka naɗa Tayyib shugaban ma'aikatan safe, alhali ni na koya masa tada inji.

Na ce, "Ustaz, mu a garinmu Mai Wurno haka aka rene mu. Ba a ƙura wa babba ido."

Sai ya yi dariya. Ya ce, "Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka wani abu kake ɓoye mini. Wanda ba ya iya duban idona, ta yaya zai tsawata wa mutane? Tayyib yana shigowa zai dafa kafaɗata, mu yi magana kamar maza."

Wallahi ko a lokacin ban iya ɗago kaina ba. Takalmansa nake kallo har ya sallame ni, har da yi masa godiya.

Marigayi Baba ya sha marina a kan haɗa ido da manya, yana cewa ladabi zai kai ni ko'ina. To ga inda ya kai ni: ƙarƙashin wanda na koya wa aiki.

Da yamma ɗana ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a sunkuye. Na rasa ko albarka zan sa masa ko in daka masa tsawa ya ɗago.

'Yan'uwa, ku wanne kuke koya wa naku?